Sabulun Sharif

Raina mai tambaya mugun hali ne.

Hajiya Achta mai gasa kifi a Garuwa ta ce wanda ya fara cika mata kwando, shi zai riƙa kawo mata kifi. Sharif masunci ya iso bakin kogin Binuwai da kifin roba mai walƙiya na sawa a ƙugiya, sayen Duwala.

Brahim, sabon shiga, ya ce, "Yaya Sharif, me zan sa a ƙugiya?"

Sharif ya wurga masa sabulu. "Sa wannan, kifinka ya fito a wanke."

Brahim ya gode, ya gutsura, ya sa. Ashe tarwaɗa na mutuwar son sabulu. Kafin la'asar kwandonsa ya cika.

Sharif ya rasa cinikin Hajiya, dutsen cikin kogi ya cinye masa kifin roba, ya koma gida yana ƙarni, babu sabulun wanka.