Tsohon Ɗaki na Bakwai

"Ajiye katinka a nan," in ji Manaja, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Daga yau sai mai takardar sakandare zai yi aikin sa-kai a gidan tsofaffin nan."

"Ranki ya daɗe, ba fa biyana ake yi ba. Shekara biyu ina yi musu wanka. Wace takarda cokali yake nema?"

"Masu ba mu tallafi ne suka ce."

Na durƙusa. "Tsohon ɗaki na bakwai ba ya karɓar abinci sai a hannuna. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, haka ya wuni bai ci ba. Ko shara ce ki bar ni in yi."

Ta ja tsaki. "Ɗan da ya haifa bai taɓa sa hannu a littafin ziyara ba. Kai meye naka?"

Dokarsu ce: dangi ba sa aikin sa-kai, ziyarar rabin awa ce tasu a wata.

Na ajiye katin, na jawo littafin ziyara. A gurbin dangantaka na rubuta gaskiyar da na ɓoye shekara biyu: ɗansa.