Hatsin 'Yan Wannan Gaɓa

Da layin rabon hatsi ya zo kan wata tsohuwa, ma'aikacin kampanin gyaɗa ya tsayar da tiya a bakin buhu, ya ce, "Inna, daga wane gari?"

Tun safe aka yi shela a Gaya cewa hatsin da kampani ya aiko a kamyo, babbar motar kaya, na 'yan Nijar ne kaɗai. Ita kuwa daga tsallake ta fito, ƙasar Dahome, inda kogi ya cinye mata ɗaki da rumbu da gonar shinkafa. Jikokinta na riƙe da zanenta, yunwa ta hana su ko kuka. Ta so ta yi ƙarya, bakinta ya ƙi.

"Daga tsallake, ɗana," ta ce, ta janye ƙwaryarta.

Ya riƙe ƙwaryar. Ya auna, ya ƙara, har hatsi ya yi tozo. Da ya sunkuyo zai aza mata a ka, sai ya yi ƙasa da murya, cikin Dandanci, harshen da ake yi a garinta na tsallake.

"Inna, unguwar masunta fa? Can mahaifiyata take. Ruwa ya bar ta?"