Jakuna Biyu da Katafila

Tun kafin alƙali ya shigo tela take zagi ƙasa-ƙasa. An shafa wa gidajen layinsu jan fenti, katafila na fake a bakin titi, ga shagonta da kekunan ɗinkinta a ciki. In kotu ba ta hana ba, gobe sai ɓaraguzai.

Kusa da ita Baba Mai Furanni ne, dattijon da ya tare a layinsu bara, ba ruwansa da kowa sai ban-ruwan shukokinsa. Gidansa ne na farko da katafila za ta tarar. Da suka shigo, masinjan kotu ya miƙe zumbur har hularsa ta faɗi. Tela ta ce a ranta, ashe har yanzu ana ganin girman furfura.

Lauyansu ya yi ta zuba Turanci, gumi na bin wuyansa. Aikin banza, harara a duhu. Alƙali ya buɗe wani ƙaton littafi ya karanto musu: wani tsohon Antoni Janar ne ya tsara dokar da ta ba gwamnati damar rushe gida ba tare da ta saurari mai shi ba. Da aka ƙalubalanci dokar bayan shekaru, wani babban alƙali ya ce garau take, kuma hukuncinsa ya ɗaure duk kotun da ke ƙasa da tasa.

Kai, har da yabo! "Hukunci mai cike da hikima," in ji alƙali, ya ƙi ko ɗago ido ya dubi bencinsu. Baba kuwa leɓensa na motsi, yana riga alƙali kai ƙarshen kowace jimla. Tela ta ɗauka addu'a yake yi, bawan Allah.

Aka kori ƙarar.

A barandar kotu baƙin ciki ya ci ta.

"Baba, ka ji min zalunci! Jaki ɗaya ya rubuta, wani jakin ya ce daidai ne. Suna can suna shan iskar fanka, mu muna titi. Allah ya sa katafila ta fara ta kan gidajensu!"

Baba ya gyara riƙon sandarsa.

"Addu'arki ta karɓu, 'yata," ya ce. "Sai dai jakin ɗaya ne, kuma gidansa ne na farko a layinku."