Allon Hagu

Tagar gargaɗi ta kwamfuta ta sake buɗewa a allon dama.

Auta ya tsaya a bakin tebur, ko jaka bai sauke ba, gumi na tsattsafo masa a wuya. Jiya da hannunsa ya saita ta a babban allon hagu, wanda Manaja ke hangowa ta gilashin ofishinsa. Yau ga ta can ta lafe a ƙaramin allon dama kamar mage a gindin murhu.

Aikin gwaji yake yi a masana'antar sabulun, shi ke kula da kwamfutoci. Mahaifinsa, wanda kowa ke kira Baba, a kujerar wannan ɗaki ya yi furfura yana lura da tankuna, kuma shi ya yi ta sintiri ofishin Manaja har aka ɗauki ɗansa. Ranar da Auta ya fara aiki ma Baba ya miƙa masa makullin babur, ya ce shi ya gaji da tuƙi, daga yau goyo yake so.

Watan jiya wani tanki ya cika ya yi ambaliya, sabulu ya malale har bakin ƙofa. Ya kamata jan gargaɗi ya bayyana a babban allo. Baba ya rantse bai ga komai ba, kowa kuwa ya san Baba ba ya ƙarya, sai aka ɗora laifin a kan na'ura. Tun daga lokacin tagar ta fara yawo, Manaja kuma ya fara ɗaga murya.

Babu abin da Auta bai gwada ba. Ya shiga saiti ya mai da na hagu shugaban alluna. Ya sauya wayoyi. Ya goge manhajar kakaf ya sake ɗora ta. Muddin yana tsaye sai ta yi lamo inda ya ajiye ta, salihar baiwar Allah. Da ya juya baya ya tafi wani sashen, shi ke nan, ta yi ƙaura.

Abu ɗaya ya sani: manhaja ba ta da ƙafa. Inda aka rufe ta da yamma, nan take buɗewa da safe. Ke nan akwai hannun da ke jan ta. Mutum biyu ke zama a ɗakin, Baba da abokin aikinsa Dogo. Baba dai shi da linzamin kwamfuta sai gaisuwa. Dogo kuwa ya so a ba ƙanensa wannan aikin, har yau gaisuwar Auta da hanci yake amsawa.

Da hantsi Manaja ya kira shi, bai ko ce ya zauna ba.

"Ko dai na'ura ta fi ƙarfinka, ka tattara ka ba mu wuri, ko kuma wani ke taɓa ta, ka kawo min sunansa shi ya tafi. Kafin a tashi yau nake son amsa."

Auta ya fito ya koma ɗakin aikinsu. Matarsa ga ta da tsohon ciki. Amma abin da ya fi ci masa rai shi ne a ce Baba ya zubar da girmansa ya roƙa masa aiki, shi kuma ya kasa riƙewa. Tsoro ya kama shi sosai.

"Baba, ka taɓa ganin Dogo yana jan tagar nan?"

Baba ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya kafin ya dube shi, gwiwar hannunsa ta ture kofin shayi.

"Kada ka ɗauki alhakin mutum, Auta. Allah zai warware."

Auta ya goge shayin, ya mai da tagar allon hagu, sannan ya ɗaga murya yadda Dogo zai ji, ya ce zai tafi sito, sai an jima. Ya fita ta babbar ƙofa, ya zagaya bayan injina, ya cire takalmi, ya dawo ta ƙaramar ƙofar da ke gefen hagu. Ya leƙa.

Kujerar Dogo babu kowa, ya fita cin abinci. Amma tagar tana tafiya. A hankali ta tsallake bakin babban allo, ta faɗa ƙaramin, ta zauna daram. Auta ya san hannun da ke kan linzamin, shi ne hannun da ya riƙe shi ranar da aka fara kai shi makaranta.

Ya tako har gefen kujerar mahaifinsa, ya tsaya a hagun Baba, kusa da shi har yana jin numfashinsa, yana jiran tsohon ya ɗago ya ji kunya. Baba bai motsa ba. Can ta gilashi Manaja ya miƙe yana nuna agogo, yana jiran suna.

Auta ya ɗaga hannu a hankali, ya kaɗa shi dab da fuskar mahaifinsa ta gefen hagu. Baba ya ci gaba da gadin tankunansa a allon dama, idonsa na hagu a buɗe tar a kan tafin hannun ɗansa, ko ƙiftawa bai yi ba.