Goyon Tsohuwar Lori

"Kawu, kar ka taɓa! Fentin sabo ne."

Tsohon ya janye hannunsa daga jikin motar da ya shekara ashirin yana tuƙawa. A filin baje kolin tsofaffin lori na yankin Yorkshire, can ƙasar waje, ya same ta, tana ta ƙyalli kamar amarya. Ƙofarta a buɗe take, amma maimakon warin gas da taba da jiƙaƙƙen tamfol, turare ne ya daki hancinsa.

"Ku kam kun more zamani," in ji saurayin da ya saye ta, yana goge madubi.

"Mun more? Ka taɓa ɗaure kaya cikin ƙanƙara har igiya ta tsaga maka tafin hannu? Yanzu ina take zuwa?"

"Zuwa? A titin nan da ake watsa wa gishiri don ƙanƙara, ya sa mata tsatsa? Haba Kawu, ɗauko ta muke yi."

Da aka tashi, a kan idonsa aka jawo ta aka ɗora a bayan wata sabuwar mota, aka ɗaure tayoyinta tamau. Ya tofar da yawu.

"Tir! Motar da ta hau tudun Shap da lodin ƙarfe, yau ita ake goyo. Gara a daddatsa ta a sayar wa 'yan gwangwan."

'Yarsa da ta kawo shi ta kama keken guragun da yake zaune a kai. Ta tura kekensa ya hau bayan motarsu, ta durƙusa, ta ɗaure tayoyin tamau.