Fuskar Zuhura a Cikin Baho

Zuhura ta tsoma fuskarta a bahon wanki tana ƙirga a zuci. A na tara ta ɗago tana tari, ruwa na zuba ta hanci. Jiya a na bakwai ta ɗago. Saura kwana biyar a yi mata gwajin iyo.

Shekararta arba'in da shida, a tsibirin nan aka haife ta, amma teku bai taɓa wuce mata gwiwa ba. Haka yawancin matanmu suke: su kyafe kifi, su dafa romonsa, amma bin sa gidansa sai maza. Ita kuwa tata ta fi ta kowa, don 'yan shekarun nan ko kallon tekun ba ta son yi.

Sai ga shi an buɗe makarantar nutso kusa da masaukin baƙi, an manna takarda a bango mai hotunan tukwanen iskar shaƙa da na alamomin hannu iri-iri. Ranar Zuhura ta sauke kwandon kwakwarta, ta tsaya gaban takardar nan har rana ta gasa mata ƙeya. Washegari ta je ta ba da sunanta.

Malamin, Hamdun, baƙo ne daga Male, babban birninmu, mutum mai ka'ida kamar agogo. Ya ce wanda bai iya minti goma a kan ruwa ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba, ko kujerar ajin ba zai gani ba. Ta roƙe shi ya bar ta ta zauna a baya ta saurara kawai.

"Yaya, aji da ruwa tare suke tafiya," in ji shi. "Maigida ya san kin zo?"

"Ya sani."

"Me ya ce?"

"Bai ce kome ba."

Gaskiya ta faɗa. Taufik, mijinta, shekara ashirin ya yi yana kai baƙi ƙarƙashin teku a manyan otal-otal. Duk tsibirin babu wanda ya kai shi sanin abin da take wahala a kansa. Daga gadonsa na jikin taga yana ganin ta da bahon nan safe da yamma, yana jin tarinta. Ko uffan. In ta ɗauki mayafi za ta fita, sai ya zuba mata ido, ya jera yatsunsa manuniya biyu a kan ƙirji, ɗaya jikin ɗaya. Ta ce masa ba za ta daɗe ba, ta ja ƙofa.

Maƙwabciyarta Wadifa ba ta raga mata ba. "Ke Zuhura, da furfurarki? Ko wani kifin ne ya aiko yana so?" Ta yi dariyarta son ranta, sannan ta kwaso tsinken kwakwar da take fiƙewa. "Jeki abinki, ina nan gidan har ki dawo."

Kwana huɗu ta yi tana zuwa bayan tsibiri, inda ruwa ke kwance kuma ba idon mutane. Ta sha ruwan gishiri har makogwaronta ya yi ɗanye. Ta yi kuka, ta zagi kanta, ta zagi Hamdun da ka'idarsa. In ta dawo ta ɗumama romon kifi, ta marmasa gurasa a ciki ta yi laushi, ta zauna bakin gadon har a cinye. Shirun ɗakin nan ya fi gishirin ci mata rai.

Ranar Asabar su takwas ne, bakwai samari da 'yan mata, sai ita da doguwar rigarta. Hamdun ya danna agogo. A minti na uku ta nutse ta taso. A na shida ƙafarta ta ɗaure. Ya miƙo mata sanda don ta kama, ta kau da kai. Wallahi ba iyo ba ne ya riƙe matar nan a kan ruwa, taurin kai ne. Da ya ce lokaci ya yi, sai da mutum biyu suka jawo ta.

Washegari ta riga kowa zuwa aji. Hamdun ya ce a ƙasan teku baki ba ya aiki, hannu ke magana, don haka da nan za a fara. Ya nuna alamar lafiya lau. Ya nuna ta iska ta kusa ƙarewa. Zuhura na bin hannunsa ko ƙiftawa ba ta yi. Sai ya jera manuniyoyinsa biyu, ɗaya jikin ɗaya.

"Wannan abokin nutsonka kake yi wa. Ma'anarta, matso kusa da ni, kada mu rabu."

Zuhura ta miƙe, kujerar ta kife.

"Yaya, ba mu gama ba. Gobe ma za mu shiga teku."

Ba ta juyo ba. Dama ba teku ta zo nema ba.

Da gudu ta isa gida, takalmi ɗaya ya tsaya a yashi. Ta wuce Wadifa a tsakar gida, ta durƙusa gaban gadon, ta jera yatsunta biyu a gaban idonsa. Hawaye ya gangaro masa har cikin kunne, ta share masa, tunda shi ba ya iyawa.

Shekara huɗu ke nan da aka tsamo Taufik daga ƙasan teku babu baki babu ƙafa, sai yatsun nan kaɗai ke motsi, kuma duk fitar da ta yi cikin shekarun nan roƙonta yake kada ta bar shi, ita kuwa tana ja masa ƙofa.