Ƙofar Tsallaken Titi

Ranar da aka kafa baƙar ƙofar nan a siton magunguna na tsallaken titi, Tartsatsi mai walda ya ƙona yatsansa sau biyu kafin azahar. Shekara ashirin da ɗoriya yana sana'ar, wuta ba ta taɓa raina shi haka ba. To amma hannu na kan ƙarfe, ido na maƙwabta, me ake jira?

Ƙofa ce dai mai ganye biyu, sanduna a tsaye, baƙin fenti yana sheƙi kamar an lashe. In tsohon maigadin wurin ya tura ta da yatsa ɗaya sai ta tafi salin-alin, ko ƙiii ba ta cewa. Kullum da safe yana goge ta da tsumma, yana leƙa hinjinta ko tana son giris. Masu wucewa har rage tafiya suke yi.

Shi kuwa Tartsatsi shagonsa na jingine da katangar rukunin shagunan Alhaji, kuma duk ƙarfen da ke ginin, daga ƙofar shiga har shingen baranda, aikinsa ne. Ƙa'idarsa ɗaya ce: ƙofa in ta bar shagonsa ta yi aure, shi kuma ba ya bin 'ya ɗakin miji. Ɗaruruwa ya aurar a haka. Shi ya sa ƙofar Alhaji take kuka kowace safiya kamar akuya mai naƙuda.

Da matarsa ta kawo masa abincin rana sai ta tsaya da kwano a hannu, baki sake.

"Baban yara, ka ga ƙofa! Wanda ya yi wannan Allah ya yi masa hannu."

"Sai ki koma gidansa, ya riƙa dafa miki ƙofa kina ci."

"Ina ma na san shi," in ji ta, ta dire kwanon tana dariya.

Wannan mai sauƙi ce. Kwana uku bayan nan Alhaji ya zo da babbar: zai ɗora bene, shago goma sha biyu, da shingen matakala da sabuwar ƙofa ta shigar motoci. Aikin da zai riƙe mai walda wata shida. Yana faɗa yana kallon tsallaken titi, sannan ya ce gobe zai tambayo wanda ya yi waccan.

Tartsatsi ya ture abincin ranar gefe. Ya zauna yana ƙera mutumin a zuci: matashi ne, ba shakka, mai injin zamani da fararen haƙora, irin waɗanda ko tabon wuta babu a hannunsu. Ya lura an ƙara wa ginshiƙan siton bulo ɗaya-ɗaya kafin ƙofar ta zauna. Ya yi tsaki. Ko awo ɗan banzan bai iya ba.

Washegari Alhaji na tsallaka titi, sai ga Tartsatsi a bayansa da 'yar guduma, wai rakiya.

Bai tsaya neman komai ba. Ya durƙusa ya ƙwanƙwasa bututun ƙasa, aka ji ƙarar ta mutu. Ba a huda masa mafitar ruwa ba, tsatsa na cinsa ta ciki. Ya zura yatsa bayan hinji na biyu, inda ido ba ya kaiwa, ya nuna walda ɗigo-ɗigo maimakon a ja ta a ɗinke. Ya ce wa Alhaji ya matsa sandunan gefe: kauri gare su, don nan mai saye yake taɓawa. Ya ce ya matsa na tsakiya. Suka lotsa kamar gwangwanin madara.

Hannunsa na tafiya daga aibi zuwa aibi ba tuntuɓe, kamar makaho a ɗakinsa. Gwani ke nan.

"Alhaji, wannan ba mai walda ba ne, ɓarawo ne da tabarau. Fenti ne da giris suke rufa masa asiri. Ka ba shi shingen bene, wata rana mutum ya jingina, sai dai a tsince shi a ƙasa."

Fuskar Alhaji ta canza. Ya rantse, rantsuwa mai nauyi, a gaban masu shaguna da suka taru, cewa wanda ya yi ƙofar nan ko ƙusa ba zai ƙara bugawa a gininsa ba, kuma sai ya gargaɗi duk abokansa masu gini. Daɗi ya kama Tartsatsi. Ya waiga ko matarsa na kusa ta ji.

"Baba," in ji Alhaji ga maigadin, "faɗa mini sunansa, in san wanda zan guda."

Tsohon ya naɗe tsummansa a hankali.

"Ranka ya daɗe, ai ba sabuwa ba ce. Ta gidan burodin da aka rushe ce, a can nake gadi, tare aka sayo mu. Ni na kankare ta na shafa mata fenti. Shekara tara muna aika wa wanda ya ƙera ta ya zo ya duba ta, ko ƙeyarsa ban taɓa gani ba. Wani ne wai shi Tartsatsi."